Ƙwayar Sukari Uku a Gwangwanin Lissafi

Har yanzu idan na ɗauki sirinji sai na duba layinsa sau biyu. Wata biyu ke nan da abin ya faru, amma tsoron bai sake ni ba, haushin mutanen gidanmu ma bai sake ni ba.

Babanmu dillalin shanu ne a kara. Duk Juma'a da sassafe yake fita, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, rigarsa duk ƙura, muryarsa a dishe. A shekarar da soja suka koma bariki, lokacin da bangon gidanmu na Sabon Gari ya cika da hotunan 'yan takara, ya fara ramewa. Ya shanye buta guda ya ce a ƙaro. Likita ya auna shi ya ce ciwon sukari ne. An daɗe ana ba shi ƙwayoyi, daga baya suka kasa, aka ce sai allurar insulin, safe da yamma.

Ranar da za a fara, likitan ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wa ya yi makaranta a gidan?"

Baba ya nuna ni da haɓa. "Ga uwata nan, ta gama sakandare." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Likitan ya ɗaga wata 'yar kwalba da ba ta kai babban yatsana ba. Ya ce ruwan da ke ciki ba baƙo ba ne a jiki, jikin kowa yana yin irinsa, na Baba ne ya gaza. Ya ce dangin furotin ne, ƙananan da suke kira feftayid. Shi ya sa ba a haɗiye shi, ciki zai narkar da shi kamar tsokar nama. Zafi kuma lalata shi yake yi kamar ƙwai. Ya koya mini yadda zan zuƙo, da layin da zan tsaya a jikin sirinjin. Ya ce kada in ƙara, kada in rage, sai da bakinsa. Ya ce da an yi allura a ci abinci. Azumin Litinin da Alhamis da Baba ya saba, a dakata tukuna. Sannan ya faɗi abin da na sa ya maimaita, don na zaci kunnena ne.

"Idan kika ga yana gumi, yana karkarwa, yana sambatu, sukarin jininsa ne ya faɗi. In yana iya haɗiya, ba shi sukari nan take. Kada ki jira kowa."

"Sukari, Likita?"

"Sukari. Wanda ake sa wa shayi. Ki zuba masa ƙwaya uku a aljihu, kada ya fita babu su."

Ba mu da firji, ko da muna da shi ina wutar? Na nannaɗe kwalbar a leda, na binne ta a jiƙaƙƙen yashi cikin wata 'yar tukunya a gindin randa. Wata uku muna haka lafiya lau. Baba ya fara mayar da jiki, har hularsa ta daina faɗo masa a goshi.

Sai Gwaggo ta zo jinya daga Lajawa.

Yayar Baba ce, ita ta goye shi, kuma har gobe kallon ɗan goye take yi masa. Ran da ta sauka, ran nan ta bi ɗaki ɗaki. Sukari, zuma, dabino, har gutsuren raken da ke bayan ƙofa, duk ta tattara ta bai wa maƙwabta. Ta kafa tukunyar garafuni da shuwaka, gidan ya ɗauki warin ɗaci. Ban hana ta ba. Wa zai hana Gwaggo?

Ranar wanki Umma ta zazzage aljihun Baba, ƙwayoyin nan uku suka faɗo a gaban Gwaggo.

"Innalillahi! Wane maƙiyin Allah ne yake so ya kashe mini ƙani?"

Na ce, "Ni ce, Gwaggo. Likita ne ya ce."

"Likita ya ce a bai wa mai ciwon sukari sukari? Ke 'yar boko, ni za ki mayar mahaukaciya? To mai ƙuna ma a kai shi murhu mana!"

Ta watsa su a kwata. Na yi bayani har bakina ya bushe. Umma ta yi mini ido, wato in yi shiru, babba ce. Na bar maganar. Amma da yamma na sayo wasu ukun, na ɓoye a tsohon gwangwanina na kayan lissafi, tsakanin kamfas da rula, na tura ƙasan akwati.

Ranar wata Litinin na yi wa Baba allurarsa ta safe, na ajiye masa faten acca. Ya ce, "Rufe shi, uwata, sai na idar da walaha." Na rufe, na ɗauki niƙa na tafi inji. Layi ya yi tsawo. Ashe azumi ya ɗauka. Ashe shi da Gwaggo sun ƙulla tun jiya, ta ce masa yunwa ma magani ce, ga lada, kada ya gaya wa yarinyar nan mai tsaurin ido. Kwanon faten kuwa ƙarƙashin gadonta ya shige.

Na dawo rana ta take. Tun daga zaure na ji salati. Baba yana zaune a tabarma ƙarƙashin rumfa, ya jingina da bango, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga kogi. Leɓensa yana rawa. Yana kallon bangon yana cewa, "Albarka. Albarka. A'a, wannan san ba na yanka ba ne." Ya dube ni bai gane ni ba.

Gwaggo ta ce, "Yauwa, ga ta nan! Sukarin ne ya hau masa ka. Maza ƙara masa allurar!"

Na juya na ga Umma da kwalbar a hannu, ta riga ta tono ta daga yashi, tana miƙo mini tana kuka. Da a ce ɗaya daga cikinsu ta iya zuƙo ruwan nan, da layin inji ya ƙara mini minti goma... Nan ne tunanina yake tsayawa kullum.

Na yar da ƙwaryar garin. Na shiga ɗaki na kifar da akwati, na fito da gwangwanin. Murfin ya ƙi buɗuwa, sai da na buga shi da ƙasa, kamfas da rula suka watse. Na jefa ƙwayoyin a kofi, na zuba ruwa, ina damawa da yatsa.

Gwaggo ta cafke mini wuyan hannu. Tsohuwa ce, amma hannun daka ne.

"Sai dai ki fara kashe ni. Azumi yake yi, mara kunya!"

A lokacin na san ba abin da ya shiga cikinsa tun asuba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba a rayuwata, amma ranar na yi. Na ce, "Gwaggo, ki sake ni! Wallahi mutuwa zai yi!" Rabin ruwan ya zube mini a zane. Ina kare sauran da ƙirjina.

Ihun ne ya shigo da limamin masallacin layinmu, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya dubi Baba, ya dubi kofin, ya dube ni.

"Yarinya, likitan ne ya faɗa miki haka da bakinsa?"

"Wallahi, Malam. Sau biyu."

"To, Hajiya, sakar mata hannu."

"Malam, sukari ne fa!"

"Na gani. Ni da ke ba mu karanta wannan littafin ba." Ya durƙusa ya tallafi kan Baba. Baba ya datse baki yana gunaguni, wai azumi. Malam ya ce masa a kunne, "Alhaji, nafila ce, kuma ranka ba naka ba ne. Sha."

Ya sha. Kaɗan-kaɗan, yana haɗiya ina kallon maƙogwaronsa. Malam ya laluba aljihunsa ya fito da dabino biyu, na cire ƙwallon na dinga tura masa. Muka zuba masa ido. Ban san tsawon lokacin ba. Can idonsa ya dawo. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Lafiya kuka taru a kaina? Wa ya zubar da garin nan?"

Na zauna a cikin garin na yi ta kuka.

Da yamma muka koma asibiti, na rantse sai Gwaggo ta bi mu. Likitan bai yi faɗa ba, ni kuwa faɗan nake so ya yi. Ya ce allurar aikinta ta kwashe sukari daga jini, in babu abinci sai ta kwashe har wanda ƙwaƙwalwa take rayuwa da shi. Ya ce da an ƙara masa, da ba wannan maganar ake yi ba. Ya ce in Baba yana son azumi, ya zo su zauna kafin watan Ramadan, a duba ko zai yiwu, a sake lissafin allurar.

Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafi. "To ku likitoci ku tsayar da magana ɗaya mana. Jiya sukari guba, yau sukari magani."

Bayan sati ta koma Lajawa, ta bar mana jarkar garafuni. Labari ya iso mini cewa a can tana gaya wa mutane 'yar ƙaninta ta ɗura wa mai ciwon sukari sukari, Allah ne kawai ya rufa asiri, da albarkar ruwan ɗacin da ya riga ya sha. Ba wanda ya ce mata ba haka ba ne. Baba ma dariya yake yi.

Yanzu ba na tono kwalbar sai kwano yana gabansa a buɗe. In na cire allurar, ba niƙa, ba aike. Ina zama a gefen tabarma har sai na ga gindin kwanon. Jiya ya ɗago yana tauna ya ce, "Uwata, ashe ba duk soja ne suka koma bariki ba."

Ban yi dariya ba. Yau Juma'a, ya saɓa babbar riga zai tafi kara, na tare shi a zaure na ce ya tsaya. Ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda aka tsayar a shinge. Na sa hannu a aljihunsa na taɓa ƙwayoyin sukarin, ɗaya, biyu, uku, sannan na matsa masa ya wuce.