Kwamfutar da Kawu Ya Hana a Kashe

Duk yaran gidan da Kawu Kar-a-taɓa suka san shi. Gyaran rediyo ya fara yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, da kasuwar rediyo ta ja baya ya koma kwamfuta. Tun ranar da ya gano akwai babbar manhaja ta kyauta, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara, bai sake kallon ta sayarwa ba. Mutum ne da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara maka bayanin yadda agogo ke aiki.

A kusurwar ɗakinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ya jona wa batura, shekara da shekaru ba a kashe ta ba. A cikinta muryar mahaifiyarsu take. Kafin ta rasu ya riƙa zaunar da ita yana ɗaukar hirarta: wa ya haifi wa, yadda aka gina gidan, waƙoƙin da ta rene su da su. Babu kwafi a ko'ina, don Kawu na mutane yake gyarawa, nasa kullum sai gobe.

Ranar da faifan ajiyar ya fara wani ƙas-ƙas, ƙanwarsa Auta ta rufe shagon ɗinkinta, ta zo ta tsaya a kansa sai da ya fara kwashe muryar zuwa sabon faifai. Aikin kuwa ya ƙi tafiya. Tun hantsi har azahar bai ci ko kwata ba.

"Yaya, wannan ai kafin ya gama na yi jikoki."

"Akwai abin da ke shanye mata ƙarfi," in ji Kawu, yana goge gumi. "Yana leƙowa ya ɓace, ban iya kama shi da ido. Bari in sa ma'auni."

Ma'aunin wata 'yar manhaja ce da ke bin kowane aiki a cikin kwamfuta, ta faɗi wanda ya fi cin lokaci. Ya kira ta, ta ce ba ta san tsohuwar zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba, domin sabuwa aka yi ta. Sabuwar kuwa tana nan a ajiye, amma ba ta hawa sai an kashe an kunna.

"To ka kashe mana!"

"Ke, kina da hankali kuwa? Faifan da ya tsufa yana juyawa, in ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba. Inna ce fa a ciki."

Auta ta janye hannunta daga kan teburin.

Ya nemi tsohon ma'aunin, ya tarar an daɗe da cire shi. Ya rubuta a zauren intanet na masu wannan manhaja yana neman taimako. Na farko ya ce ya kashe ya kunna. Wani ya ce an taɓa yin wannan tambayar, ya je ya nema. Wani kuma gardama ya kama da na farkon a kan abin da bai shafi kowa ba.

"Ka ga 'yan'uwanka," in ji Auta. "Duk halinku ɗaya."

Kawu ya ja tsaki har sai da kyanwa ta bar ɗakin. Can wajen la'asar wani bawan Allah ya turo masa tsohon ma'aunin. Ya sa, ma'aunin ya ce ba shi da izini.

"A ɗakina? Kwamfutar da na haɗa da hannuna?"

Ya ba kansa izinin yana ƙunƙuni. Jerin ayyuka ya fito, na saman ya cinye kusan komai, sunansa kuma da Hausa: maigadi.

Auta ta sunkuya ta karanta. "Wane ne maigadi?"

Kawu ya cire tabarau ya shiga gogewa. Shi ya rubuta abin, makon da aka yi rasuwar, don ya riƙa karanta muryar yana tabbatar ba abin da ya lalace. Sau ɗaya a wata ya yi niyya. Ashe wurin sa lokacin ya kuskure, maigadi yana gamawa yake sake farawa, shi ya gurje faifan duk shekarun nan.

"Wato kai ka ɗauko ɓarawon, ka ba shi fitila."

"Auta, don Allah."

Ya tsayar da maigadi. Nan take ƙas-ƙas ɗin ya lafa, kwafin ya zabura. Ba a jima ba ya cika. Kawu ya cire sabon faifan, ya jona a wata kwamfutar, ya danna hira ta farko.

Aka ji shuuu, sai tari, sannan muryar ta fito tas: "Kai, ya fara ɗauka ne? To ina zan kalla in yi maganar?"