Ma'arad Ɗin da Ya Kusa Cinye Iƙamar Mijina

Duk wanda ya ji labarin nan a unguwarmu ta Suwaidi cewa yake yi ƙarya na shirga. Ban yi ƙarya ba. Duk abin da na faɗa yana cikin littafi, kuma littafin tarihi ne, ba tatsuniya ba. Kalma ɗaya ce ta kayar da ni, kuma ko zan manta komai na zaman Riyad, makon nan ba zai fita daga kaina ba.

Lokacin shekarata biyu da zuwa. Mijina direba ne a wani wurin sayar da motoci, irin wanda a nan ake kira ma'arad. Mai wurin shi ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, wani dattijo da kowa ke ce wa Duktur, ko da yake ban taɓa jin ya duba ko mai ciwon kai ba. Ni kuwa zaman gida ya ishe ni. Wata Juma'a muka je kasuwar Batha cefane, na tsinci wani tsohon littafin Turanci, bangonsa duk ya naɗe. Labarin wani gagarumin baje koli ne da ƙasashen duniya suka yi a Chicago sama da shekara ɗari da suka wuce, da wani likita da ya gina masauki a garin, yana yaudarar 'yan matan da suka zo kallo ko neman aiki yana hallaka su. Babin maginan baje kolin tsallakewa nake yi, ba ni da haƙurin jin yadda aka kafa ginshiƙi. Likitan nake bi.

Ina tsaka da karatu da hantsi sai maƙwabciyata Maman 'Yan Biyu ta shigo aron turmi. Mijinta ma a wurin Duktur yake, yana wankin motoci. Ban bari ta zauna ba na fara zuba. Da na zo kan baje koli sai kalmar ta ɓace mini, ta Larabci ta faɗo bakina, don su Larabawa da baje koli da wurin sayar da motoci duk ma'arad suke cewa.

"Yaya, wani duktur ne fa. Ya gina ɗakuna babu taga kusa da ma'arad, duk yarinyar da ta shiga neman aiki ba ta fitowa."

Ta dafe ƙirji. "Wane ma'arad?"

"Ke dai ki saurara mana, ki daina katse ni."

Amsar da na ba ta ke nan. Na yi ta zuba har na gaji, ita kuma ta fita ko turmin ba ta ɗauka ba. Ni a wautata na ɗauka daɗin labari ne ya kwashe ta.

Ashe ƙanwar mijinta aka sama wa aikin goge-goge a gidan Duktur. Yarinya ta ce ko a ɗaure ba za ta je ba, aka tambayi dalili, ta faɗa. Cikin kwana uku magana ta isa kunnen mutumin, har da cewa daga bakin matar direbansa ta fito. Iƙamar mijina kuwa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, saura wata guda ta ƙare, kuma ba mai sabunta ta sai kafili.

Ranar mijina ya dawo da azahar, ko takalmi bai cire ba.

"Me kika gaya wa matan unguwa?"

"Tarihi."

"Tarihin wa?"

"Wani likita a Amurka."

"Amurka," in ji shi. "To a Suwaidi an ce kafilina ne. Har an haƙa masa rijiya a bayan ofis."

Dariya ta ƙwace mini. Shi bai yi ba.

"Yi abarki. In ya buga mini huruj ya ce mu bar ƙasar, kya ƙarasa ta a jirgi."

Nan dariyar ta tsaya. Washegari na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce in zauna, na riga shi shiga mota.

Muka sami Duktur a ofis yana shan shayi, fuska a murtuke. Larabcina na cefane ne, don haka mijina ke fassara, kuma ina lura duk inda na yi magana ɗaya sai ya yi biyar, yana zuba mata zuma. Na gaji, na ajiye littafin a kan tebur na buɗe. Ashe dattijon yana jin Turanci. Ya sa tabarau, ya daɗe yana juya shafi, mu kuwa muna tsaye kamar masu jiran hukunci. Can ya tsaya a kan hoton wani ƙaton lilo mai juyawa.

"Wannan ma ma'arad ne, gaskiyarki," ya ce. "Amma ni motoci nake sayarwa, 'yata."

Ya jawo aljihun tebur ya saka littafin.

"Zan karanta in ga abin da na aikata."

Bayan mako guda aka sabunta iƙama, yarinyar ma ta kama aikinta. Littafi kuwa har yau bai dawo ba, kuma saura babi huɗu in gama. Ban taɓa samun bakin tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, labarin da ba a sa masa gari da shekara ba, gidan da ya fi kusa yake faɗawa. Kuma mai baza magana shi ke da aikin kwashe ta, don ko bayan an sabunta iƙamar akwai matan da in sun hango motar Duktur sai su ja 'ya'yansu ciki. Sai na yanke shawara zan bi unguwar gida-gida da ƙafata. Duk ƙofar da aka buɗe mini, zan ce a Amurka ne kuma mutumin ya daɗe da mutuwa, sannan mu gaisa.