Allunan Nang Tasing da Likitan Zakaru

Jama'a, a matsa gefe, a rage rediyo, masu babur mai ƙafa uku su kashe inji! Ga Anastacia Dinglasa nan tafe, wadda duk garinmu na kudancin Cebu ke kira Nang Tasing. Sarauniyar ganyen kwakwa, gwamnar tukwane biyu, shugabar jami'ar bakin murhu, wadda ta yaye nas da injiniya da malamar makaranta alhali ita kanta a aji uku ta ajiye fensir. Tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma in ta yi gyaran murya har karen maƙwabta zama yake yi. Uwata ce. Ni ne autanta, Gaudencio, Densoy ga wanda ya san ni, kuma ni ne aikin da jami'ar tata ta kasa kammalawa.

A kan dutse aka haife ta, cikin gonar masara. Tana da shekara goma sha uku aka sauko da ita wurin gwaggonta ta koyi puso. Tun daga ranar ba ta yi wata sana'a ba. Ta tsaga ɗanyen ganyen kwakwa, ta saƙa shi ya zama 'yar jaka mai kusurwa, ta ɗura shinkafa rabi, ta jefa a tafasasshen ruwa, kafin rana ta yi tsaka dami-dami na rataye a rumfunan masu gashin kaza na bakin kasuwa. Ba ta kallon hannunta in tana saƙa. Tana iya yi maka faɗa, tana sauraron wasan kwaikwayo a rediyo, tana korar kaza da ƙafa, jakunkuna na ta zuba a kwando. Babanmu, Tay Isko, babur mai ƙafa uku yake ja, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a tasha ina ɗan shekara tara. Daga nan ganyen kwakwa ne ya riƙe gidan.

Allon farko na Manang Evangeline ne, babbar yayarmu. Ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda suka haye jarrabawar gwamnati, Nay, kamar yadda muke kiran uwarmu, ta bar tukunya a kan wuta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tafi wurin mai rubutun allo. Baƙin katako, haruffa ruwan zinariya: EVANGELINE DINGLASA, NAS MAI LASISI. Bayan shekara huɗu na yayana Manoy Wilfredo ya hau gefensa, injiniyan gine-gine. Sai na Lucresia, malamar makaranta. Duka uku a jere a bangon da ke kallon babban titi. Nay ba ta iya karanta su harafi-harafi, amma ta san kowanne kamar yadda ta san tafiyar mai shi. Duk Asabar sai ta goge su da tsumma da man kwakwa, na Manang tukuna, don girma girma ne. A ƙarƙashinsu take ajiye bencinta ta yi saƙa, wai can ne iska ta fi kaɗawa. Ƙarya ne, gefen mangwaro ya fi iska.

Masu allunan kuwa duk sun tafi. Manang tana Riyadh, Manoy yana Doha, Lucresia ta yi aure a Mindanao. Sai murya a waya da kwalin tsaraba a ƙarshen shekara. Har kwandastocin bas suka raɗa wa ƙofar gidanmu suna. In mota ta ƙaraso sai ka ji: "Alluna Uku! Akwai mai sauka?" Nay ta yi kamar ba ta ji ba, amma saƙar takan ƙara sauri.

Ni ma na shiga kwaleji, kada a raina ni, har sau uku. Na fara karatun jirgin ruwa, sai na gano ko a kwalekwale amai nake yi. Na koma karatun ɗan sanda, na ga gudun safe ba na lafiya ba ne. Na ukun na kwamfuta ne, shi kam ban san yadda muka rabu ba. Inda na dawwama shi ne filin faɗan zakaru ranar Lahadi, ina kallon masu ɗinke wa zakara rauni har na raya a raina ai ni ma na iya.

Dokar alluna ta zo ne bayan wata guguwa ta tumɓuke ƙaton allon tallar sabulu ta kifa shi a kan rumfar wani mai kankana. Majalisar gari ta zauna ta fitar da takarda mai shafi tara. A ciki suka ce allon waje shi ne duk wani katako, ƙarfe, leda ko ƙyalle mai ɗauke da suna da sana'a, wanda mai wucewa a titi zai iya gani. Suka raba gari gida-gida: unguwar kasuwanci da unguwar zama. Mu muka faɗa unguwar zama, inda gida ɗaya allo ɗaya ne, kuma kada ya wuce ƙafa biyu a tsawo, ƙafa ɗaya a faɗi. An yi dokar ne don masu talla, kowa ya sani. Shekara uku tana aiki ba wanda ya kalli allunan 'ya'yan mutane. Noy Melchor, jami'in da ke zagayawa da tef ɗin awo, kullum ta ƙofarmu yake wucewa, ya sayi puso uku, ya ce, "Nang, ya injiniya?" ya yi gaba.

Wata ranar Laraba muna zaune a shagon aski, abokina Boyet ya ce, "Densoy, na ga bangon gidanku da sauran fili. Ko ana jiran sakamakon jarrabawar barcin rana ne?"

Aka kwashe da dariya. Mai askin ya ce, "Ku bar shi, shi nasa allon a makabarta za a kafa masa, can ba a tambayar takarda."

Na yi dariyar tare da su, amma maganar ta yi mini zafi. Da na koma gida na samo murfin tsohon akwati, na aro fenti, na rubuta da manyan haruffa: DR. GAUDENCIO DINGLASA, LIKITAN ZAKARU, ƊINKI DA TIYATA. Na kafa shi a gefen na Lucresia.

Nay ta fito ta tsaya. Ta ce, "Karanta mini." Na karanta. Ta yi dariya har ta dafa bango, rabon da in ga haƙoranta na ciki tun Tay yana da rai. Ta share ido da gefen zane ta ce, "To, likita, an gani. Sauke shi."

"Nay, bari ya kwana biyu mana, Boyet bai gani ba."

"Densoy, abin wasa ba ya zama kusa da abin gaske. Kafin Lahadi ka cire."

Lahadi ta zo ta wuce, wata Lahadin ma ta zo. Sau uku tana faɗa mini. Ni kuwa daɗin abin nake ji, don fasinjojin bas har ɗaukar hoto suke yi.

Ranar Litinin da safe wani mutum daga garin da ke gaba da mu ya sauko daga babur, rungume da jan zakara a cikin tawul, cinyarsa a tsage. Ya ce, "Likita yana nan?" A nan ne ya kamata in ce, "Yallaɓai, wasa ne." Kalma uku kacal. Sai na ji bakina ya ce, "Shigo da majinyacin." Na ɗauko allurar ɗinkin Nay da zaren kamun kifi, na yi iya abin da na gani ana yi. Kafin la'asar majinyaci ya miƙe ƙafa.

Mutumin ya je wurin 'yan sanda, suka yi masa dariya, suka ce ba su da shafin gawar kaza. Sai wani magatakarda ya raɗa masa cewa akwai dokar alluna. Ya zauna ya rubuta ƙara: gida kaza a unguwar zama yana da alluna huɗu masu suna da sana'a. Aka buga hatimi.

Noy Melchor ya zo ranar Alhamis, bai sayi puso ba. Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Ya ce, "Nang, gara a aike ni kama kada da wannan aiken."

Nay ta ce, "Faɗi abin da ya kawo ka, Melchor, shinkafa na kan wuta."

Ya faɗa. Allo ɗaya zai zauna, sauran su sauka cikin kwana bakwai.

Na yi tsalle na shiga tsakani. "Noy, nawa ne mai laifi, ga shi na cire, a ƙona shi ma. Waɗannan ukun kuma me suke sayarwa? Ka taɓa ganin wanda ya tsaya ya ce a auna masa injiniya rabin kilo?"

"Dokar ba ta ce sayarwa ba, Densoy. Suna da sana'a ta ce."

"To mu rataya musu labule."

"Labule mai rufe allo shi ma yana shafi na shida."

"Mu ce ado ne."

Ya dube ni kamar mai duban ƙuda a miya. "Shekara uku ina wucewa nan idona a rufe. Ni ina iya rufe ido, takarda mai hatimi ba ta iyawa. Kai ka buɗe mata, likita." Ya juya wajen Nay. "Kuma tunda an taɓa gidanki, dole in bi layin nan gaba ɗaya, in ba haka ba a ce na yi son kai."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa. Ni da na ja nawa, unguwa guda ya jiƙa. Gida goma sha ɗaya a layinmu ke da allo fiye da ɗaya. Nang Pilar mai wanki, wadda ta yi shekara ashirin tana durƙushe a bakin rafi kafin ta ga allunan tagwayenta, ta daina amsa gaisuwata har yau.

Sauran gidajen kowa ya zaɓi ɗaya, yawanci na babba. A gidanmu waya ta yi ta ƙara. Manang ta ce a bar na Wilfredo, shi ne namiji. Manoy ya ce a bar na Manang, ita ce ta fara, amma a muryarsa ka san so yake a musa masa. Lucresia ta ce, "Ai na san ba nawa za a bari ba, malamar firamare ce kawai," ta kashe wayar. Dukansu kafin su ajiye sai sun ce a ba su ni, ni kuma kullum ina banɗaki.

Haka aka yi ta yi har rana ta shida. Da hantsi Nay ta ɗauko guduma, ta jawo bencinta ta hau. Na ce, "Nay, kawo in cire miki."

"Ka yi naka aikin, ya isa."

Ta zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, tana zuba su a aljihun riga. Ta sauke na Lucresia, ta sauke na Manoy. Na ɗauka ta gama. Sai ta kai hannu kan na Manang.

"Nay, an yarda ɗaya ya zauna fa."

"Da ciki ɗaya na haife su. Ban san wanda zan ce wa ya shiga ciki ya bar ɗan'uwansa a waje ba."

Ta naɗe su a buhun shinkafa ta tura ƙarƙashin gado. A bango sai shaidar wurinsu ta rage, murabba'i uku da rana ba ta dafa ba. Bencin ma ya koma bayan kicin, inda hayaƙi ke sa ta tari. Puso bai canja ɗanɗano ba, ba ta fasa zuwa coci ba, ba ta taɓa zagina a kan maganar ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwandastocin bas. Sun daina cewa Alluna Uku. Yanzu in mota ta ƙaraso sai ka ji: "Likitan Zakara! Akwai mai sauka?" Tana ji daga kicin.

Na je majalisa sau biyu in roƙi a gyara dokar. Aka ce in rubuto a takarda. Na rubuta, aka ce kwamitin zai zauna bayan zaɓe.

Wata biyar ina tunanin abin da zan yi, ni da ban taɓa tunanin abu ɗaya na kwana biyar ba. Sai dabara ta zo mini. Allo ɗaya aka yarda, to ai mutum ɗaya ce ta yi duka. Na yi dako a kasuwa mako uku, na sayi baƙin katako na gaske, na kai wa mai rubutun da ya yi na Manang, wanda yanzu ya tsufa. Na ce ya sa ruwan zinariya, kada ya yi rowa. Ya rubuta: ANASTACIA DINGLASA, MAI PUSO, UWAR NAS DA INJINIYA DA MALAMA. Ya ce kalmomin sun yi yawa, na ce ya ƙara katako.

Ranar Asabar da ta tafi kai kaya kasuwa na kafa shi a tsakiyar bangon, na rufe da zanen gado. Na sa rigar da nake zuwa addu'ar tunawa da Tay da ita, na taje kai. Da ta sauko daga babur da kwandonta, na tare ta a ƙofa, na yaye zanen, na karanta mata da murya irin ta mai sanarwa a filin zakaru. Sannan na yi jawabi. Na ce na san na yi ɓarna, na ce da-na-sani ƙeya ce, na ce wannan allon ba ya buƙatar zaɓe don kowa yana ciki, na ce daga yau duk wanda ya wuce titin nan zai san wace ce ta gina gidan nan da ganye.

Nay ta ajiye kwandon. Ta matso ta ɗora tafin hannunta a gefen allon, ta auna shi taƙi-taƙi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, leɓenta na motsi.

Ta ce, "Ya wuce ƙa'ida da yatsa huɗu. Sauke shi kafin ka sake jawo wa Melchor shan rana."