Gida Ɗaya, Hannu Ɗaya

A shekarun da muka zauna a Ajiya, cikin Jimeta, gidan haya muke, irin mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Mijina direba ne, ya fi kwana a hanya. Mu mata mu ke riƙe da gidan, mu kuma rijiyar ƙofar gida ke riƙe da mu. Ita muke sha, da ita muke wanki, da ita maƙwabciyata take dama kunun zaƙin da take sayarwa. Kirista ce daga wajen Numan, mijinta ya rasu ya bar ta da tagwaye mata, shi ya sa kowa ke ce mata Maman 'Yan Biyu.

Wata rana aka yi shela cewa wata ƙungiya za ta gina wa unguwa burtsatse da banɗakin jama'a, kuma lallai mata su halarci taro. Muka ci ado muka tafi ƙofar gidan Jauro, mai unguwarmu. Aka shimfiɗa mana tabarma a gefe, aka yi ta ɗaukar mu hoto har na fara jin ni ma wata ce. Sai da aka zo zaɓen wuri na gane hoton shi ne iyakar aikinmu.

Ƙa'idar ita ce gida ɗaya, hannu ɗaya. A kunne kamar adalci. Amma gidanmu, da ya fi wani layin yawan mutane, hannu ɗaya gare shi, hannun kuma na mai gidan ne, wani alhaji da ke zaune can a unguwar Bekaji da tankin ruwansa a kan rufi.

Burtsatse kowa na son sa a ƙofarsa, banɗaki kuwa kowa na son sa a ƙofar wani. Burtsatse ya tsaya a saman unguwa, bakin titi, wajen manyan gidaje. Banɗaki ya yi ta gangarowa, kowane mai gida na ture shi gaba, har ya iso kangon da ke jikin rijiyarmu.

Maman 'Yan Biyu ta miƙe.

"Baba Jauro, wurin nan yashi ne. In ruwan sama ya zo, abin da yake cikin rami zai shiga rijiyan mu. Yara suna sha."

Jauro ba mugu ba ne, har yau ba na ce masa mugu. Ya saurare ta har ƙarshe.

"Na ji, Dada," ya ce, yadda Fulani ke kiran uwa. "Amma wa ke magana da sunan gidanku?"

Aka juya ga alhaji. Waya ce a kunnensa, ya ɗaga ɗaya hannun bai ko dube mu ba. Ma'aikaciyar ƙungiyar ta ce su an umarce su da girmama zaɓin al'umma. Wani ya ƙara da cewa ai ga burtsatse nan, mu riƙa ɗiba a can. Raina ya ɓaci.

Da aka fara haƙa, ramin bai shanye tsawon mutum ba yashin ya yi duhu da danshi. Ina tsaye da guga. Ɗaya daga cikin masu haƙan ya dubi rijiyar, ya dube ni, ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Burtsatsen ya yi aiki, ba zan yi ƙarya ba, amma sai an kawo wuta. In an kawo kuwa, masu kurar ruwa sun riga mu jera jarkoki. Muka koma wa rijiyarmu.

Rani ya wuce lafiya, har mijina ya fara tsokanata wai na cika ƙirƙiro masifa. Sai damina ta sauka. Ruwan rijiya ya taso kusa da baki, garau, ba wari ba launi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da ya yi wari, da yara sun guje shi da kansu. Ranar da akwai gawayi mukan tafasa, ranar da babu mu yi bismillah.

Wata safiya na ji kakarin amai daga ɗakin Maman 'Yan Biyu. Ta fito da ɗaya yarinyar a kafaɗa, wuyanta ya langaɓe, zanenta duk ya ɓaci. Aka tare keke napep. Kafin ta shiga ta turo mini ɗayar.

"Ki riƙe mini wannan," ta ce.

Keken ya sha kwana. Yarinyar ta ja bakin zanena, ta ce ƙishirwa take ji. Na ɗauki moɗa na nufi randa, na buɗe murfin. Ni da kaina na cika ta jiya da yamma, kuma jiya babu gawayi. Na tsaya da moɗar a hannu, ita tana kallona tana jira.