Kwalbar da Goggo Ta Wanke

Duk ranar da na ji ƙamshin tafarnuwa da ruwan kal sun faɗa cikin mai mai zafi, sai in tsinci kaina a hawa na uku na wani gida a unguwar Bin Mahmud ta Doha, ina 'yar shekara goma, ina tsaye a ƙofar kicin da kayan makaranta. Kada ka ɗauka daɗi ne yake zuwar mini. Haushi ne, kuma zan gaya maka na wa.

A shekarun da ake ta haƙa ramin jirgin ƙasa a ƙarƙashin Doha, Mama tana aikin nas, Baba kuma yana can sansanin kamfaninsu a arewa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Gidan da muke ciki ɗaki uku ne, kicin ɗaya, mun raba shi da wata abokiyar aikin Mama 'yar Filifin, wadda nake kira Anti. Mijinta yana aiki a jirgin ruwa. Da Anti ta samu ciki, sai ta ɗauko mahaifiyarta da bizar ziyara, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura da silifas ɗin roba. Lola muke ce mata, wato kaka a harshensu. Turancinta bai fi cikin cokali ba, Larabcinta kuma bai wuce yalla da halas ba, wato mu tafi da an gama, amma ba ta taɓa rasa yadda za ta ce mini in zauna in ci abinci ba.

Lokacin sanyi ne ta zo, lokacin da ake buɗe tagogi a kashe na'urar sanyaya ɗaki. Ran Juma'a, ranar hutu a can, bayan an tashi daga coci sai mu biya kasuwar Abu Hamour, ta tsaya gaban masu kifi tana danna ciki da yatsa, tana buɗe kunnen kifi tana leƙawa. In mun dawo ta tsaga shi ta baya, ta shimfiɗe shi kamar buɗaɗɗen littafi, ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kwantar da shi cikin ruwan kal da dakakkiyar tafarnuwa da masoro da gishiri, ya kwana a firji. Daing suke kiransa. Da safe ta soya shi har gefen ya yi ƙus-ƙus, ta haɗa da shinkafar jiya da ta soya da tafarnuwa, da yankakken tumatir. Akwai kuma wasu 'yan busassun kifaye masu gishiri da ta zo da su daga gida a naɗe cikin jarida, waɗanda in ta soya har maƙwabtan hawa na biyar sai sun sani. Na ci duka. Na ci na lashe yatsu, na miƙa faranti a ƙara. Ina so ka riƙe wannan, domin nan gaba za ka ji ni ina toshe hanci.

Da zafi ya shigo aka ba mu dogon hutu, sai Baba ya ɗauko yayarsa daga Numan ta zauna da ni, tunda Mama aiki ba ya barinta. Goggo ke nan. Mace ce doguwa, mai murya, shugabar zumuntar mata a cocinsu, wadda take ganin duk abin da ba a yi shi yadda ake yi a bakin Binuwai ba, to ba a iya ba ne. Ta sauka da jaka guda ta bandar kifi da ƙullin daddawa wanda tun daga matakala ya sanar da zuwanta. A wajenta kifi hanya biyu gare shi in ana so ya daɗe, ko ya sha hayaƙi ko ya sha rana. Duk wanda bai bi ɗaya daga ciki ba ruɓa ne.

Ranar farko da ta ga kifin Lola kwance cikin ruwan kal, sai ta ja tsaki, ta yatsina fuska.

“Waɗannan mutane ɗanyen kifi suke jiƙawa kamar wanki?” in ji ta. “Allah ya sawwaƙe.”

Da Hausa ta faɗa, tana murmushi, Lola kuma ta mayar mata da murmushi har da ɗan rusunawa. Haka suka zauna wata biyu. Goggo ta ware cokulanta, ta ware soson wanke-wankenta, in Lola ta gama girki sai ta shiga ta goge kan murhu kamar wanda kare ya taka. Matar da take jefa daddawa uku a miyar mutum huɗu, ita ce mai cewa abincin wani yana wari. Har yau in na tuna sai in ji kamar in yi dariya, amma dariyar ba ta fitowa.

Ni kuwa, shashasha, sai na bi ta. Ina son Goggo ta ce ni 'yar gidansu ce ta gaske, ba 'yar Doha mai cin ƙazanta ba. Na fara toshe hanci in Lola ta ɗora kasko. Ta miƙo mini faranti in ce na ƙoshi, alhali yawuna yana tsinkewa. Lola sai dai ta rufe rabona da wani faranti ta ajiye a bayan firji, in Goggo ta shiga wanka in lallaɓa in cinye.

Cikin Anti ya tsufa, kuma ya zo mata da kwaɗayin abu guda. Ba daing ba, ba miyar tsamiyarsu mai kifi ba, wani abu ne na yankinsu kawai da ake kira buro. Ba a sayar da irin wanda take so a ko'ina, na hannun uwarta take so. Ga shi bizar Lola ta kusa ƙarewa, an sabunta ta har iyakar da ake yarda, tikiti yana hannu. Kwana goma sha biyu suka rage mata, buro kuma kwana goma yake ɗauka kafin ya nuna. Sau ɗaya za ta iya yinsa, babu na biyu.

Lola ta san halin Goggo, don haka ta jira har ta tafi taron addu'ar mata, sannan ta kira ni kicin. Na ga ta yanka karfasa ta cuɗe ta da gishiri mai yawa, ta dafa shinkafa ta yi laushi ta bar ta ta huce, ta haɗa da citta. Ta wanke wata babbar kwalba da tafasasshen ruwa, ta riƙa jera shinkafa, kifi, shinkafa, kifi, tana dannawa da bayan cokali har babu wurin iska. Ta rufe, ta naɗe da baƙar leda, ta tura can ƙuryar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan bokiti. Sai ta nuna cikinta da hannu ta zana tudu, ta nuna ɗakin Anti, ta ɗaga yatsu goma, ta ɗora ɗaya a leɓenta. Na gane sarai. Ta ba ni fensir, ta ce ni ce zan riƙa ja mata layi a kalandar bango kowace safiya.

Na ja layi tara.

A rana ta tara Lola ta raka Anti awon ciki, Mama tana wurin aiki, ni da Goggo kaɗai a gida. Zafin ranar irin wanda ko tagar ba ka iya taɓawa ne, komai a rufe. Goggo ta shiga kicin tana shaƙar iska, tana cewa akwai abin da ya mutu a gidan nan. Ƙarya take, ko kuma daddawarta take ji, domin kwalbar a rufe take gam, ni da na san inda take ban taɓa jin komai ba. Ta duba firji, ta duba kwandon shara, ta ja murhu ta leƙa baya. Ta gaji, har ta ɗauki zanenta za ta fita. Ba ta tambaye ni ba. Ni ce na ce, “Goggo, in nuna miki wani abu?”

Da ta buɗe murfin, warin ya tashi, tsami da kifi da wani abu kamar tsohon kamu. Ta yi baya tana salati irin namu, tana kiran sunan Yesu.

“Shinkafa dafaffiya da ɗanyen kifi? A rufe? Guba suke haɗawa a gidan ƙanena.” Ta dafa kaina. “Kin kyauta, 'yata. Ke kam jininmu ce.”

Abin da na sayar da tsohuwar a kansa ke nan, wannan dafa kai ɗin. Na san na Anti ne, na san saura kwana ɗaya, kalma guda da na faɗa da Goggo ta mayar da murfin, domin a wajenmu ko maƙiyiyarka ce ba ka hana mai ciki abin da ranta ya biya. Ban faɗa ba. Ta juye shi cikin leda biyu, ta sauka da kanta ta jefa a babban kwandon bakin titi. Ta dawo ta wanke kwalbar da sabulu da ruwan zafi har sau uku, ta kife ta a tsakiyar wurin shanya kwanuka tana ƙyalli, don kowa ya ga aikinta.

Da suka dawo, Lola ta shiga kicin shan ruwa, ta ga kwalbar. Ta daɗe tana kallonta. Ta durƙusa ta leƙa bayan bokiti, kamar mai fatan ko wata kwalbar ce daban. Ta miƙe, ta kalli kalanda, ta ce, “Halas.” Shi ke nan abin da ta ce. Anti ce ta zauna a ƙasan kicin da ƙaton cikinta tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

Mama da ta dawo ta ji, ba ta iya ɗaga wa yayar mijinta murya ba. Ita ce ta durƙusa gaban Lola tana ba da haƙuri a kan laifin da ba nata ba, Goggo kuwa tana zaune a falo ta harɗe ƙafa tana cewa ran ɗan cikin ta ceta, wata rana za su gode mata. Sai Mama ta ce a hankali, “Goggo, kwaɗayin ciki ne. Ita ta roƙa aka yi mata.”

Na ga fuskar Goggo ta canza. A wajenmu ana cewa in mai ciki ta so abu aka hana ta, ɗan zai fito da tabon abin a jikinsa, kuma Goggo ta yarda da wannan fiye da yadda ta yarda da likita. Na ɗauka za ta tashi ta shiga ta ba da haƙuri. Ina! Cewa ta yi ai da sun faɗa, mutum ba ya ɓoye abu a gidan haɗaka. Ta ɗauko bandar kifi biyu ta ce a kai wa mai cikin, wai wannan ne abincin mutane.

Bayan kwana uku Lola ta tafi. Da safen ranar ta soya daing, ta rufe rabona ta ajiye a bayan firji kamar kullum. A bakin ƙofa ta rungumi Mama, ta ɗan rusuna wa Goggo. Da ta zo kaina ta riƙe hannuna, ba da fushi ba, ta ce da guntun Turancinta, “Ke kaɗai na nuna wa.” Ta saki hannun ta bi akwatinta.

Anti ta haifi mace. Ranar da aka sallamo su, Goggo, wadda ba ta taɓa taka ɗakinsu ba, ta shiga ta ce ita za ta yi wa jaririya wanka, wai 'yan zamani ba su iya ba. Aka ba ni tawul in riƙe. Na ga tana juya yarinyar, tana duba bayan kunne, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, cikin gashi. Ba wanka take yi ba, bincike take yi. Da ba ta samu komai ba sai ta saki ajiyar zuciya, ta ɗaga yarinyar sama.

“Kun gani? Fes. Dama na ce babu komai.”

Da wannan ta wanke kanta, kamar yadda ta wanke kwalbar. Daga ranar ba ta sake tuna maganar ba.

Yanzu Goggo ta tsufa a Numan. In ta samu masu saurare tana ba su labarin zamanta a ƙasar Larabawa, yadda ta zauna lafiya da kowace ƙabila, har ta koya wa 'yan Filifin tsabta. Ina jin ta, ina kallonta, ba na musa mata, domin raina ta da nake yi ya wuce na gardama. Doha ma ta canza, jirgin ƙasan nan yana gudu, an ce an tashi kasuwar kifin daga inda take, kuma yaran mutanenmu da ke can yanzu suna ɗaukar hoton abincin Filifin a gidajen cin abinci suna yabawa. Lola ba ta sake dawowa ba. Ta rasu kafin jikarta ta yi wayo, kuma Anti ba ta sake cin buro na hannun uwarta ba.

Na daɗe ina jin daɗin ɗora wa Goggo komai, kuma ta cancanci kaso mai yawa. Amma ita jahilci ne da girman kai, ba ta taɓa cin abincin tsohuwar ba, ba ta ja layi a kalanda ba. Ta bincike kicin ɗin nan kaf ba ta samu komai ba, har ta ɗauki zanenta za ta fita. Hancin Goggo bai gano kwalbar ba. Yatsana ne ya nuna ta.