Gado Biyu a Ɗakin Maza

Har gobe ban manta da ranar Talatar da Baba Haladu ya ɓoye hannunsa cikin riga ya ƙi dangwala mana yatsa ba. Shekara biyar ke nan da gama yaƙin basasa, ina mataimakin jinya a wani asibiti kusa da Borokiri a Fatakwal. Aikina wanke ciwo da ɗaure shi, amma da yake ni kaɗai ne Bahaushe a wurin, tafinta ma ni ne.

Lokacin kuɗin mai ya shigo, gari ya cika da motoci da baƙi. Mutanenmu da suka gudu Arewa sun dawo, har da tsofaffin da suka je gida suka tarar ba wanda ya san su. Baba Haladu na cikinsu. Mutumin Damagaram ne, ya zo yana saurayi, ya ƙare ƙarfinsa a dakon buhunan gyaɗa a bakin jirgin ruwa. Yanzu ga ciwon sukari, ga gyambo a ƙafar hagu ya yi baƙi.

Likita ya duba ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ba zai kai wata guda ba. A ƙa'ida ba a yi wa mutum tiyata sai an karanta masa takardar yarda, ya sa hannu ko ya dangwala. Na karanta masa da Hausa.

"Ɗana, na ji," ya ce. "Ɗaure min kawai in tafi."

"Baba, rai ake magana."

"Na sani. Ɗaure min."

Likita ya ɗauka tsoro ne. Ya ce in gaya masa ba zai ji zafi ba, in kuma ya ƙi, akwai masu jiran gadon. Ni kuwa na ga mutumin da ake goge masa ruɓaɓɓen nama bai ko motsa ba, na san ba zafi yake gudu ba. Aka ɗaure masa ƙafar aka sallame shi. Da na tashi aiki da la'asar sai na bi shi gida.

Ɗakin haya ne ɗaya, na langa-langa, a bakin ruwa. A kan tabarma ga wani tsoho kwance, rabin jikinsa ya shanye. Sunansa Baba Sallau, abokin dakonsa tun suna samari. Na tsaya ina kallo Baba Haladu ya ja ƙafarsa mai gyambo, ya je ya tashe shi zaune, ya yi masa alwala, ya ba shi koko da cokali.

"Ka gani?" ya ce min. "In na kwanta a wurinku, wa zai juya shi?"

Baba Sallau bai san zancen yankan ba sai a bakina. Da ƙyar maganarsa ke fita, amma na ji ta sarai: "Haladu, kai wawa ne tun kana yaro. Tafi."

Washegari na sami Sista Ibinabo, shugabar ɗakin maza, mace mai faɗa wadda kowa ke tsoro. Na zayyana mata komai. Doka ba ta yarda a ba mai shanyewar jiki na shekaru gado a ɗakin masu tiyata ba, Sista kuma ta fi ni sanin haka. Ta daɗe tana kallon rajista, sannan ta ce, "Go bring am," wato in je in kawo Baba Sallau. Ta rubuta cewa yana da ciwon kwanciya a baya, wanda kuwa gaskiya ne. Limamin unguwa ya samo mana a-kori-kura muka ɗauko su duka biyu.

Sai da Baba Haladu ya ga an shimfiɗe abokinsa a gadon da ke kusa da nasa, ya taɓa katifar ya ji laushinta, sannan ya miƙo min hannu ya dangwala.

Aiki ya yi kyau. Mako bakwai suka yi tare, suna musu kan wanda ya fi ɗaukar buhu a zamaninsu, har masu shara suna tsayawa saurare. A nan Baba Sallau ya cika, abokinsa na riƙe da hannunsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Baba Haladu ya ƙara shekara huɗu yana dogara sanda, yana sayar da goro a ƙofar masallaci.

Ku da kuke aikin yanzu, kun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. Amma in tsoho ya ce muku a'a, kada ku yi saurin rubuta cewa ya ƙi magani. Ku tambaye shi wa ya bari a gida.