Zanar Inna Delu Mai Koko

Da an sallame sallar asuba, Inna Delu ta riga ta tace gasara, ruwa na tafasa. Kafin rana ta ɗago ta ɗora tukunyar koko a ka, ta nufi gindin dalbejiyar da ke bakin makarantar sakandare a Kalgo. Shekara ashirin da uku ke nan tana haka. A ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi ta koma Gwandu wurin ɗanta, don gwiwa ta ƙi.

Masu koko suna da yawa. Abin da ya bambanta ta shi ne wata zana da ke kafe bayan bencinta, kuma zanar tana da tarihi.

Akwai wata yarinya, Habiba, daga wata ruga ta wajen Dangoma. Shekararta goma sha huɗu a lokacin. Takan baro gida tun ba a tatsi shanu ba, ba ta sa komai a ciki ba. Da safe za ta wuce ta durƙusa ta gaida Inna Delu da fara'a. Amma kafin a tashi tara ta zama wata daban. Malami na magana tana gyangyaɗi, lissafin da ta iya jiya ya ɓace mata, a taɓa ta kaɗan sai faɗa ko kuka. Malam Aminu mai ajinsu ya ce taurin kai ne. A gida aka ce iska ce, aka yi ta turare. Daga ƙarshe mahaifinta ya yanke magana: in zangon nan ya ƙare ba sauyi, ta bar makaranta ke nan.

Inna Delu ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta daɗe tana kallon fuskokin yara. Ta tare Malam Aminu ta ce, "Malam, wagga ɗiya ba aljanu gare ta ba. Aljanin da ba ya tashi sai hantsi, sunansa yunwa."

Washegari ta cika kwano ta miƙa wa Habiba a gaban kowa. Yarinya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga. Mako guda tana zagayawa ta wata hanya.

Nan Inna Delu ta gane kuskurenta. Ita da ta tashi cikin Fulani a Gwandu, ta manta cewa 'yar ruga ta gwammace yunwa ta kayar da ita da ta ci abinci a bakin hanya, maza na wucewa. Ta samo zana ta kafa. Ranar da ta sake hango Habiba, ta ƙwala mata kira.

"Ke ɗiyata, taho ki taimake ni! Harshena ya tsufa. Shiga nan baya ki ɗanɗana mini, sukari ya ji?"

Aike ba a ƙin sa. Habiba ta shiga, ta tarar da ƙwarya cike da koko, ga ƙosai a faranti.

"Inna, ai ɗanɗanon ya yi yawa."

"Awo. Sukarin can ƙasa yake kwanciya, sai kin kai gindi za ki sani."

Kullum sai an yi wannan ɗanɗano. Ba a yi wata biyu ba gyangyaɗi ya tafi, faɗa ya tafi. Malam Aminu da bakinsa ya ce hannun Habiba ne ke fara tashi a aji. Zango ya ƙare, mahaifinta bai sake tayar da zancen ba. Bayanta 'yan mata nawa suka shiga bayan zanar nan, Allah kaɗai ya sani.

Inna Delu, ke ce kika ga abin da ya shige wa masu alli duhu. Ke ce kika ciyar ba ki kunyata ba.

Yau Habiba ce ke koyar da lissafi a makarantar. Da ta zo ban kwana, Inna Delu ta ce, "Bari in faɗa miki gaskiya, harshena lafiyarsa lau."

Habiba ta yi dariya har da hawaye. "Inna, tun rana ta uku na sani."

Mun gode, Inna. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya saka da Aljanna. Iyaye, kafin ku kira yaro daƙiƙi ko mai iska, ku tambaye shi abin da ya karya da shi. Inna Delu ta ce ba za ta tafi da zanar ba, tana nan kafe gindin dalbejiya. Saura wanda zai zauna a gabanta.